Mako ɗaya a shekara: me mutum yake saya idan an ce ya mallaki ɗaki a Disney ko a Makka?

Akwai wani irin talla da ke yawo a wayoyin ƴan kasuwar Tasawa da Mayahi, daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Sai ka ga otal mai hawa barkatai, ga tafkin wanka, ga yara suna shewa a kan lilo. Wani lokaci kuma taga ce a buɗe, ga Ka'aba can ƙasa. Maganar dai ɗaya ce: daina biyan kuɗin otal, mallaki naka. Masu gardama a bakin shago sun rabu biyu. Wasu sun ce damfara ce tsagwaronta. Wasu sun ce jari ne, kamar ka sayi fili a bayan garin Maradi ka bar shi ya yi daraja. Na biyun nan su suka fi ba ni tsoro, domin mai cewa damfara ce ko ya yi kuskure kuɗinsa na aljihunsa.

Abin da ake tallar, Turawa suna kiransa timeshare, wato mallakar karɓa-karɓa. Tsohuwar sana'a ce, kuma halattacciya a ƙasashen da ta samo asali. Wani kamfani mai suna Hapimag ya fara ta a Suwizalan a 1963. A cikin shekarun 1960 ɗin kuma aka yi irinta a Superdévoluy, wani wurin wasan ƙanƙara a tsaunukan Faransa, inda aka riƙa ce wa mutane sayen otal ya fi hayar ɗaki araha. Dabarar ita ce a raba shekara zuwa makonni, a sayar da ɗaki ɗaya ga mutum kusan 50, kowa da makonsa. Amurkawa suka karɓe ta a shekarun 1970, ta yi ƙarfi musamman a jihar Florida, inda Disney ya buɗe katafaren filin wasanninsa kusa da birnin Orlando a 1971. A 1991 Disney ya shiga sana'ar da kansa da tsarin da ya kira Disney Vacation Club.

Kada a raina abin da ke jan mutane. Magidancin da ke kai iyalinsa wurin nan duk shekara yana ganin kuɗin otal yana hawa, sai a ce masa ya biya na shekaru masu yawa yau, da farashin yau. Ɗakin da za a ba shi ya fi na otal girma, wasu har da madafa da injin wanki, ya isa miji da mata da yara har da kaka. Yana iya tafiya da ƙafa ko ya hau jirgin ruwa zuwa ƙofar filin wasan. Akwai kuma abin da mai talla ya sani sarai: wanda ya riga ya biya ba ya fasa tafiya, don haka iyali suna haɗuwa ko ana so ko ba a so. Sai daɗin cewa "wurinmu". Duk wanda ya taɓa zaman haya a Yamai ko Kano ya san nauyin wannan kalma a baki.

To amma a duba takardar. Disney ba ya sayar da mako, maki yake sayarwa. Kowane dare yana da adadin makin da yake ci, gwargwadon girman ɗaki, da inda tagarsa ke kallo, da lokacin shekara. A ƴan shekarun nan maki ɗaya daga hannun kamfanin ya haura dalar Amurka 200. Wanda ya sayi maki 100, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne, ya zuba sama da dalar Amurka 20,000, wato fiye da miliyan 10 na sefa. Wannan kuɗin shiga ne kawai. Kowace shekara akwai kuɗin kula da gini, da haraji, da albashin ma'aikata, ana lissafa shi a kan kowane maki. A maki 100 ɗin nan yana kaiwa wajen rabin miliyan na sefa a shekara, kuma kusan kullum ƙaruwa yake yi. Tikitin shiga filin wasan daban. Abinci daban. Jirgi daban. Sannan kwantiragin yana da ranar mutuwa: na otal-otal da dama daga cikin na farko zai ƙare ranar 31 ga Janairun 2042, ginin ya koma hannun kamfani, ko da kai ne ka fi kowa biya a kan kari.

Mutumin Mayahi ba ya buƙatar malamin tattalin arziki ya fassara masa wannan. A ce wa da ƙane sun haɗa kuɗi sun sayi bajimi da amalanke, suka yi yarjejeniya kowa da ranakunsa. A takarda rabo ya yi daidai. Amma ranakun shekara ba ɗaya ba ne. Da kaka, sa'ad da damman gero ke jibge a gona, kowa yana son amalanken a mako guda. A tsakiyar rani kuwa, sai ya kwana uku a jingine ba wanda ya tambaye shi. Wanda rabonsa ya faɗa a kaka ya ci riba, wanda nasa ya faɗa a watan da ba aiki ya sayi suna ne kurum. Kuma bajimin bai san da wata yarjejeniya ba. Yana cin dusa da harawa kullum, ranarka ce ko ba ranarka ba, ka yi aiki da shi ko kana kwance asibiti. Shekarar da ciyawa ta yi tsada kasonka ya ƙaru. Ranar da ka gaji ka ce za ka sayar da rabonka, ba za ka ja rabin sa zuwa kasuwa ba. Sai ka nemo wanda ya yarda ya gaji ranakunka da kuɗin dusarka, kuma shi zai yanka farashi, tunda ya san kai ne a matse. Bambancin kawai, a nan ɗan'uwanka ne, kana iya kai ƙararsa wurin maigari ko kawunku. A can kuwa abokan tarayyarka dubbai ne da ba ka taɓa gani ba, kuma wanda ya sayar muku da san shi ne yake faɗin kuɗin dusa.

Shi ya sa a tsarin Disney ake kokawar kama ɗaki tun da sauran wata 11 a otal ɗin da makinka yake, ko wata 7 a sauran. Makon Kirsimeti da hutun ƴan makaranta su ne kakarsu. Dole a yi wa Disney adalci: makinsa yana da masu saye a kasuwar hannu, har kamfanin ya tanadar wa kansa ikon karɓe duk cinikin da ya ga ya yi araha. Amma wannan togaciya ce a cikin sana'ar. A Amurka ba abin mamaki ba ne ka ga mutum ya sa makonsa na wani otal a intanet a kan dala ɗaya, don dai ya rabu da kuɗin shekara. Har wata sana'a ta tsiro ta masu cewa za su fitar da kai daga kwantiragi idan ka biya su, kuma hukumomin kare masu saye na can sun sha gargaɗi cewa da yawansu ɓarayi ne. Abin da sai ka biya kafin a raba ka da shi, ban san da wane baki za a kira shi jari ba.

Na san mai karatu zai ce ina ruwan Batasaye da Florida. Gaskiya ne, kaɗan ne za su je, balle ma takardar mallakar mako ba biza ba ce, ba ta buɗe ƙofar ofishin jakadanci. Inda abin ya fi kusa da zuciyarmu shi ne Makka. Benayen Abraj al-Bait, masu babban agogon nan da ke kallon Harami, an gina su ne a kan ƙasar wakafin Sarki Abdul'aziz. Ɗaya daga cikinsu, benen Zamzam, wani kamfanin Kuwaiti mai suna Munshaat ya karɓi hayarsa ta shekara 24, ya yayyanka ta zuwa takardun da aka kira sukukul intifa'i, na kimanin dalar Amurka miliyan 390. Mai takarda yana da kwanaki sanannu a shekara. Yana iya sauka, ko ya ba da haya, ko ya sayar. Farashi ya danganta da ko taga tana kallon Ka'aba, da kuma wane wata ne. Goman ƙarshe na azumi da kwanakin aikin hajji ba a haɗa su da mako a cikin Safar. Sunan da aka ba takardun ma ya faɗi gaskiya: amfani aka sayar, na wa'adi. Ƙasar wakafi ba a sayar da ita, kuma shekara da shekaru dokar Saudiyya ta hana baƙo sayen gida a Makka da Madina. Saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo cewa za ka mallaki ɗaki a gaban Harami har jikokinka, tambaye shi a wace takarda. Ko da ta gaskiya ce, ba ta ba ka kujerar hajji. Wannan sai ta hanyar hukumar aikin hajji, COHO, da kamfanonin da ta amince da su, cikin adadin kujerun da Saudiyya ta ware wa Nijar.

Malamai ba su bar maganar ba. Fiƙihu ya daɗe da sanin muhaya'a, wato abokan tarayya su riƙa amfani da abu ɗaya bi da bi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna wannan kwantiragi a zamanta na Putrajaya, a Maleshiya, cikin Yulin 2007. Ta halatta shi, amma ta raba shi gida biyu: ko dai sayen kaso ne a cikin ginin kansa, ko kuwa haya ce ta amfani zuwa wani lokaci, kuma dole abin da aka ƙulla a kansa ya zama sananne. Mai talla zai gaya maka malamai sun ce halal ne. Ba zai gaya maka a wane gida nasa cinikin ya faɗa ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, wannan rarrabewa mu muka fi kowa saninta. A Tasawa da Mayahi, inda kowace gunduma ta haura mutum rabin miliyan tun ƙidayar 2012 kuma gonaki sai ƙanƙancewa suke a wurin rabon gado, yaro ma ya san saye daban, aro daban, haya daban, jingina daban. An yi rigingimu, an ɓata zumunta, a kan gonar da wani ya ce kakansa saya ya yi, wani ya ce aro aka ba shi. Dalilin haka dokar karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye, Cofo, daga gunduma har ƙauye, kuma kowane irin ciniki da tasa takardar. Dattijon da ba zai karɓi gona ba sai an taka iyaka, an kira maƙwabta, maigari ya sa hannu, shi ne za ka ji ɗansa ya tura miliyan ta waya zuwa wata lamba, don ya ga hoton ɗaki. Da abin ya zo da Turanci da kiɗa a bayansa, sai mu ajiye wayon da muka gada.

Daga nan ɓarayin gaske suke shiga. Akwai masu haɗa tallar hutu da tsarin "kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu". Ana ce wa matashi ya sayi kunshin hutu a wani otal na Dubai ko Asiya, ba don ya je ba, tunda ko fasfo ba shi da shi, sai don ya sami damar sayar wa wasu. Kuɗin da ake ba na sama daga aljihun na ƙasa yake fitowa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga ƙarshen irin wannan lissafi da tsarin MMM a ƙarshen 2016. Alamar ba ta ɓuya: idan ribar da ake maka alkawari ta dogara da mutanen da za ka jawo, otal ɗin ado ne.

Ƙasashen da suka daɗe da sana'ar sun koyi darasi da tsada, kuma dokokinsu suna nuna inda ciwon yake. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2008 da ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ba da dalili ba, ta kuma hana a karɓi ko sisi daga hannunsa a cikin waɗannan kwanaki. Florida ta ba da kwana 10. Ba a yin irin wannan doka sai an ga yadda ake tsare mutum awanni a ɗakin talla, ana ba shi lemo, ana ce masa farashin na yau ne kaɗai. A Faransa kuwa matsalar gado ce ta taso. Mutane sun mutu sun bar wa ƴaƴansu mako a wani dutse da ba mai zuwa, tare da kuɗin shekara da ba ya tsayawa, har sai da majalisa ta gyara dokar 1986 a 2009, ta sake gyarawa a 2014, don magada su sami ƙofar fita. A wurinmu, inda ake zama a raba gado a gaban malam, a yi tunanin ranar da za a tarar cikin dukiyar mamaci akwai kason da ke cin rabin miliyan duk shekara, kuma ba wanda ya yarda ya faɗo a rabonsa.

Hukumominmu kuwa, galibi sai an yi asara ake jin muryarsu. Gidajen rediyon gari suna isa ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, kuma minti goma a mako na bayanin irin waɗannan kwantiragi da Hausa ba zai ci wani kuɗi ba. Kafin a kai ga haka, wanda aka yi wa tayi ya nemi a ba shi kwantiragin a rubuce, ya kai wa wanda ya iya karanta harshen, ya nemo shekarar da haƙƙin zai ƙare, da kuɗin shekara na bana da na shekaru biyar da suka wuce, da wanda ke da ikon ƙara shi. Ya kuma duba sakin layin da ke kusa da ƙarshe, wanda ke faɗin kotun da za ta saurari ƙara idan an saɓa. Yawanci ta ƙasar kamfanin ce.