Bajimi nagari a ƴaƴansa ake gane shi

Ƴan uwa makiyaya, bajimi guda yana iya barbarar shanu 30 a shekara. In irinsa ba shi da kyau, garke duka ya yi hasara.

Kada girman tozo ya ruɗe ku. A tashar Tukunus, kusa da Filinge, inda ake zaɓen shanun Azawak, ana auna nauyin maraƙi, a rubuta uwarsa da ubansa. Ku ma da kuka iya rubutu, ku auna ƙirjin maraƙi da igiya kowane wata, ku rubuta. Bajimin da ƴaƴansa suka fi saurin girma, shi za ku riƙe.

In an haɗa iri biyu, kamar Azawak da Gudale, ƴaƴan farko sukan fi ƙwari, amma ƙwarin yana raguwa ga jikoki. Kada kuma ku bar bajimi ya hau ɗiyarsa.