Tafiya a Ayari: Lafiyar da Babur Ya Rage Mana

A ƙasar Gwiwa, kamar sauran sassan masarautar Kazaure, manomin da ke sammako zuwa gona ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Matsalar tana ga ɗansa da ya zama ma'aikaci ko mai kanti a cikin gari. Babur ke kai shi wurin aiki, babur ke dawo da shi, da yamma kuma ya zauna a majalisa har isha'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba su samu motsin da jiki ke bukata ba, wato aƙalla minti 150 a mako.

An daɗe da gano illar wannan zama. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana wuni hawa da sauka a matakala. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin.

Dalilin yana cikin tsoka. Idan mutum yana tafiya, tsokar sha-raɓa tana matse jijiyoyin ƙafa, ta tura jini sama zuwa zuciya, shi ya sa ake mata laƙabi da zuciya ta biyu. Bugu da ƙari, tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga cikin jini ba tare da ta jira sinadarin insulin ba. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai ciwon sukari.

To, me ya kawo maganar ayari? Sanin amfanin tafiya daban, ɗorewa a kanta daban. A 2015 masu bincike a Jami'ar East Anglia ta Ingila suka tattara nazarce-nazarce 42 kan ƙungiyoyin masu tafiyar ƙafa. Sun ga hawan jinin mahalarta ya sauka da kimanin maki 3 zuwa 4, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ba su yanke zuwa ba. Wanda ya san abokai na jiransa a ƙofar gida, kunya kaɗai ta isa ta tashe shi. Fataken da suka riƙa taka sayyada daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ma ai ba ɗai-ɗai suke fita ba.

A gari irin Gwiwa ko Roni ba sai an kafa sabuwar ƙungiya ba, domin jama'ar sallar asuba da 'yan majalisa a haɗe suke. Minti 30 bayan asuba, kwana biyar a mako, ya cika adadin kafin rana ta yi zafi. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya hira amma numfashi ba zai bar shi ya rera waƙa ba. Waɗanda aka fi mantawa su ne matan aure da ba su cika fita ba. Filin makaranta mai katanga, bayan an tashi ɗalibai, zai wadatar da su idan shugaban makaranta da mai unguwa suka amince.