Zaizayar Ƙashi a Jikin Maza da Yadda Ake Maganinta

Zaizayar ƙashi cuta ce da ke cinye ƙashi ta ciki har ya yi gautsi, kamar azarar da gara ta ci. An fi saninta da mata, alhali namiji ɗaya cikin biyar da suka haura shekara 50 yakan karye saboda ita, kuma karayar ƙugu ta fi kashe maza. Dattijon da tuntuɓe kaɗai ya karya a Roni ko Gwiwa, mai ɗori zai ɗaure masa ƙashin, amma cutar tana nan daram.

Tsufa na kawo ta, haka shan taba da ƙarancin sinadarin mazakuta, wato testosterone. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne prednisolone da dexamethasone, waɗanda ake saya a kemis don ciwon gaɓoɓi a sha wata da watanni. Suna rage zafi, suna kuma cin ƙashi.

Magani yana farawa da kalsiyam da bitamin D. Baligi na buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a kullum. Bitamin D kuwa fata ce ke haɗa shi daga hasken rana, manomin Babura kuwa ba ya rasa rana. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa rashin kalsiyam ne babban dalilin lanƙwashewar ƙafafun yara a can. Saboda haka kindirmo da nono da zogale da kuka da riɗi sun cancanci a riƙe su da kyau, ko da yake su kaɗai ba sa mayar da ƙashin da ya riga ya zaizaye.

Ɗaya daga cikin magungunan da ke gina sabon ƙashi shi ne teriparatide, kwaikwayon sinadarin da wasu ƙananan ƙululai na wuya ke fitarwa. Amurka ta amince da shi a 2002. Allura ce kullum a ƙarƙashin fata, galibi har shekara 2, tana da tsada kuma sai da firiji. Bayanta ake ɗorawa da maganin alendronate don riƙe abin da aka gina.

Testosterone kuwa ba a ba da shi sai gwajin jini ya tabbatar da ƙarancinsa. Magungunan ƙarfin maza na kasuwa ba su da amfani ga ƙashi.

Duk wanda ya karye ba da wani babban haɗari ba, ko tsawonsa ya ragu ya fara ranƙwafawa, ya je babban asibitin Kazaure ko na Babura, ya nemi a tura shi asibitin ƙashi na Dala a Kano.