Gidan Nunin Halittu: Me Zai Hana A Kawo Shi Kasuwar Wara?

A manyan biranen duniya akwai waɗansu gidaje da ake tara halittun Ubangiji don mutane su zo su gani, watau tsuntsaye da kifi da ƙwari da itatuwa da duwatsu. Wanda ya fi suna shi ne na London a Ingila, wanda aka buɗe cikin 1881, kayan da ke ciki kuwa sun kai wajen miliyan 80. A nan ƙasar ma akwai irinsa a Jami'ar Ife. A irin waɗannan gidaje akan sa ranar nuni, da ranar lacca, da ranar da magidanci zai zo da iyalinsa yara su taɓa abu da hannunsu.

To, manomin Ngaski ba shi da hanyar London, ba shi kuma da ta Ife. Amma kayan nunin suna nan ƙofar gidansa, masanan kuma suna tsallaken ruwa. Tun 1968, shekarar da aka gama madatsar Kainji, aka fara aikin binciken tafkin a Sabuwar Busa. Aikin nan shi ne ya zama Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa. Garin yana da makarantar koyon aikin kifi da ta kiwon namun daji. Ilmin yana nan jibge cikin littattafan Turanci, mai fartanya da mai koma ba su gan shi ba. Gandun dajin Kainji kuwa, inda dā ake kai 'yan makaranta kallon namun daji, rashin tsaro ya sa ba kowa ke kusantarsa ba a 'yan shekarun nan. Sabo da haka abin da ya fi sauƙi shi ne nunin ya hau jirgi ya zo Wara ran kasuwa.

Abu na fari da ya kamata a kafa a rumfar nunin shi ne taswirar Kwara tun daga mafarinta. Kowane manomin bakin tafki ya san farin ruwa da baƙin ruwa, amma kaɗan ne suka san dalilinsu. Farin ruwa na damunarmu ne, shi ke gangarowa daga gulbin Sakkwato da sauran rafuka tun daga Agusta, yana ɗauke da laka, shi ya sa ya yi fari. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman ƙasar Gini ne. Yana bi ta manyan fadamun Mali, can ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso nan cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi.

Wannan ba labarin 'yan makaranta kaɗai ba ne. Tsakanin cikar tafki da janyewarsa akan sami bambancin wajen mita 10, watau sama da ƙafa 30. Ƙasar da ruwa ya saki da bazara ba kyauta ba ce, aro ce, mai ita zai dawo da damuna ta yi nisa. Wadda ke can sama ita ke daɗewa a fili, ta ƙasa-ƙasa kuwa kwana kaɗan gare ta. Manomin da ya gane wannan zai sa iri mai saurin nuna a gangare, ya bar mai nauyi a tudu. Waɗanda ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa a Jihar Kebbi ba sai an yi musu dogon bayani ba. Tsofaffin Gungawa, waɗanda suka yi noman albasa a tsibiran Kwara kafin a tashi mutum wajen 44,000 sabo da madatsa, sun san halin ruwan nan ƙwarai. Ya kamata a ba ɗayansu kujera kusa da mai lacca, don wani abin shi zai gyara wa malamin.

Sai teburin kifi. Giwan ruwa da faliya da kurungu da ƙarfasa kowa ya san su in sun girma. Abin da ba a sani ba shi ne kamanninsu suna 'yan ƙanana. A ɗebo warangi mudu guda daga kamun dala, a baza a faranti, a ba yara gilashin ƙara girman abu su tsince. Za su tarar ba warangi kaɗai ba ne, a ciki akwai 'ya'yan manyan kifayen da ba su kai tsawon yatsa ba. Dalilin ke nan da ya sa aka hana jan dala, mai ido kamar gidan sauro, bayan aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a tafkin cikin 1993. Doka dai an yi ta, amma masuncin da ɗansa ya nuna masa ɗan giwan ruwa a tafin hannu ya fi wanda aka karanta wa doka saurin yarda.

Mata su ma suna da rabonsu, don su ke banda, su ke zuwa bakin ruwa da yara. A sa musu ƙananan katantanwar nan ta bakin gaɓa cikin kwalba. Ita ce gidan tsutsar tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga nan tsutsa ta fito ta huda fatar mai wanka. Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Kusa da wannan sai a ajiye burgu, ciyawar da ke riƙe shanu da rani, da baƙuwar kainuwan nan mai furen shuɗi wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, mai toshe hanyar jirgi, don a bambance aboki da abokin gaba.

Abin ba ya bukatar gini. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akan haɗa da nunin amfanin gona, kuma rumfuna ne kawai. A dā majigi ke zagaya ƙauyuka da dare, jama'a su taru tun daga nesa. Yau ƙaramin janareto da farin ƙyalle sun isa. Abin da ake nema shi ne Ƙaramar Hukuma da hakimai su rubuta wa masanan Busa takardar gayyata, malaman gona da na makaranta su tara kaya.

Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, baƙin ruwa kuma ya iso. Kafin nan, duk manomin da ya ga baƙon ƙwaro a gonarsa, ya kama shi ya sa a kwalba da ɗan kananzir, ya haɗa da ganyen da ya ci, ya kai wa malamin gona, ya kuma faɗa masa ranar da ya gan shi da irin shukar da ya same shi a kai.