Me ya sa karatu a ƙasashen waje ya yi wa 'yan Zamfara tsada?

A shekarar 2024 ne koke-koken ɗaliban jihar Zamfara da ke karatu a Arewacin Cyprus suka cika kafofin yaɗa labaran Najeriya, bayan da bashin kuɗin makaranta ya taru a kansu.

Gwamnatin Bello Matawalle, wadda ta mulki jihar daga 2019 zuwa 2023, ita ce ta tura su, yayin da gwamnatin Dauda Lawal ta ce gadon bashin ta yi. Lamarin ya sa iyaye da dama a Gusau da Tsafe da Bunguɗu sake lissafi kafin su tura 'ya'yansu waje.

Faɗuwar naira

Babban abin da ya sauya lissafin shi ne darajar naira. Kafin watan Yunin 2023, ana sayar da dala a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yi halinta, dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024.

Ga misali, kuɗin makaranta na dala 5,000 da a da ake biya da naira miliyan 2.3, ya koma naira miliyan 7.5, ba tare da jami'ar ta ƙara ko sisin kwabo ba. Manomin Bunguɗu ko ɗan kasuwar Tsafe kuwa da naira yake ciniki, kuma matsalar 'yan bindiga ta riga ta taɓa noma da fatauci a yankin.

Kuɗaɗen da ba a faye lissafawa ba

Bayan kuɗin makaranta, akwai hayar ɗaki da abinci da tikitin jirgi da inshorar lafiya, sai kuma sabunta takardar izinin zama. Ɗalibin da takardarsa ta ƙare kan fuskanci tara ko kora.

A 2024, Birtaniya ta ƙara harajin kula da lafiya na ɗalibai zuwa fam 776 a shekara, ta kuma hana yawancin masu karatun digiri na biyu tafiya da iyalansu. Jamus kuwa ta nemi ɗalibi ya ajiye yuro 11,904 a wani asusu na musamman domin ɗawainiyar shekara guda.

Haɗarin da kuɗi ba ya magancewa

Araha ma tana da nata sharri. Sudan ta daɗe tana jan ɗaliban arewacin Najeriya saboda sauƙin kuɗi da kusancin addini da al'ada, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tilasta kwaso su, karatun wasu da dama ya tsaya.

Arewacin Cyprus kuwa Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, don haka Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. Tun a 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje ta gargaɗi iyaye game da tura yara yankin.

Wannan ya sa hankalin wasu iyaye ya koma kan makarantun gida, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe. Ga waɗanda suka dage kan tafiya kuwa, tambayar ita ce: idan gwamnati ta sauya ko naira ta sake faɗuwa, wa zai biya kuɗin shekarun da suka rage?