Ciwon Sukari da Gyambon Ƙafa: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Masu ciwon sukari da dama sun rasa ƙafa a dalilin raunin da aka raina tun farko: ƙaya ta soke su a gona, ko sabon takalmi ya fitar musu da bororo, ko reza ta zame wajen yankan farce. An shirya wannan takarda domin a bayyana wa jama'a yadda haka ke aukuwa, da kuma hanyar tsira daga gare shi.

Tushen Haɗarin

Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan yi ɓarna iri uku. Yakan kashe jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi, har ya taka ƙusa bai ji ba. Yakan ƙuntata hanyoyin jini, sai rauni ya ƙi warkewa. Kuma yakan rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Saboda haka, ga mai wannan ciwo, rashin jin zafi ba shaidar lafiya ba ne.

Alamomin Shigar Ƙwayoyin Cuta

Alamomin su ne kumburi, ɗumi, ciwo, fitar mugunya, da sauyawar launin fata, wadda kan yi ja ko ta ƙara duhu. In an ga biyu daga cikinsu, lalle ne a je asibiti a ranar. In kuwa akwai zazzaɓi, ko wari, ko yatsa ya yi baƙi, to, kada a kwana.

Binciken Likita

Likita zai wanke gyambon ya auna faɗinsa da zurfinsa. Idan jan bai wuce santimita 2 daga bakin gyambon ba, kuma ciwon ya tsaya a fata, ƙarami ne. Idan ya wuce haka, ko ya nutsa cikin tsoka, matsakaici ne. Idan zafin jiki ya haura digiri 38, bugun zuciya ya wuce 90 a minti, ciwon ya tsananta, sai an kwantar da majiyyaci. Haka kuma zai taɓa jijiyar ƙafa ya ji ko jini na gudana, ya zura ɗan ƙarfe mai tsabta ya ji ko ciwon ya kai ƙashi, a ɗauki hoto, a kuma aika da ɗan nama daga gyambon ɗakin gwaji.

Magani

Akan cire mataccen nama, a fitar da mugunya, a ɗaure gyambon, a hana taka wurin, a kuma daidaita sukari. Ƙaramin ciwo yakan buƙaci maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako 1 zuwa 2. Wanda ya kama ƙashi yakan kai mako 6. Wajibi ne a shanye maganin yadda aka umurta. Yanke yatsa ko ƙafa mataki ne na ƙarshe domin ceton rai, kuma jinkiri ne ya fi jawo shi.

Gargaɗi

Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Kada a barbaɗa garin kafso ko toka. Kada a gasa ƙafa da ruwan zafi, ko a miƙa ta ga garwashi lokacin hunturu.

A duba ƙafa kullum, har da tafi da tsakanin yatsu. Mai raunin gani ya sa wani ya duba masa. A tsane tsakanin yatsu bayan wanka da alwala, a shafa mai a diddige saboda faso, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada kuma a yi tafiya ba takalmi. A riƙa kai ƙafa ga likita ya duba aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana ta ga danginsa da maƙwabtansa waɗanda ba su iya karatu ba.