Aiki da taimako: hanyoyin yaƙi da talauci a karkara

A ƙauye kowa ya san yadda talauci yake kama gida. Da kaka, mai ƙaramin ƙarfi yana sayar da hatsinsa da araha don ya biya bashi. Kafin ruwa ya sauka, rumbu ya ƙare. Sai ya sayi hatsin nan da tsada. In ba shi da kuɗi, sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. Kaka ta gaba amfaninsa kaɗan ne, bashi ya sake hawa kansa. Wasu su sayar da akuya, wasu su tafi cin rani Najeriya ko Libiya, su bar mata da yara.

Tun kaka da kakanni akwai zakka, akwai gayya, akwai taimakon dangi. Amma in fari ya zo kamar na 1973 da na 1984, mai bayarwa shi ma ya zama mai nema. Don haka ne hukuma ta nemi wasu hanyoyi.

Hanya ta farko: aiki

A 1984 aka buɗe babban aikin Keita a jahar Tawa, da taimakon ƙasar Italiya. Mutane suka jera duwatsu don tare ruwa, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa. Ladan aikin abinci ne. Mata su ne suka fi yawa a wurin, don maza da dama sun tafi cin rani. Faƙon da ko ciyawa ba ta tsira a kansa ya koma gona.

Daga baya aka riƙa biyan irin wannan aiki da kuɗi. A shirin da gwamnati ta kafa a 2011 tare da Bankin Duniya, an sa ladan yini jika 1, har kwana 60. Ana yin aikin da rani, lokacin da ba a noma. Ana gina rabin wata, ana gyaran hanya da tabki. Amfaninsa biyu ne: mutum ya samu kuɗi a garinsu, gari kuma ya samu ƙasa mai riƙe ruwa.

Hanya ta biyu: kuɗin wata

Ba kowa ne ke iya ɗaukar dutse ba. Akwai tsofaffi, akwai naƙasassu, akwai matan da mazansu suka rasu suka bar masu marayu. Su ne ake yawan mantawa da su wurin taro da wurin rabo.

Saboda gidaje mafi talauci, shirin 2011 ya kawo kuɗin wata. An fara a jahohi 5: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Tilaberi. A lokacin, gidan da aka zaɓa yana karɓar jika 10 kowane wata, har wata 24. Duka ya kama jika 240. Masu bincike suna bi gida gida, suna tambayar yawan iyali, da dabbobi, da irin ɗakin kwana, don a gane waɗanda suka fi buƙata.

A hannun mace ake ba da kuɗin, domin ita ce ta san abin da ke shiga tukunya. Ana kuma tara matan kowane wata a yi masu bayani kan ba jariri nono zalla har wata 6, da wankin hannu da sabulu, da kwana cikin gidan sauro, da sa yara lakwal. A 2019 aka buɗe kashi na biyu na shirin, aka sa masa suna Wadata Talaka.

Hanya ta uku: jari da sana'a

Wata 24 ba su da wuyar wucewa. In kuɗin duka sun tafi a abinci da biki, ranar da aka daina biya gida ya koma inda ya fito. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan asusu ya yi rana. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Mata suna zuba kuɗi kaɗan kowane mako a cikin akwati. Mai buƙata ta ci bashi, ta biya da ɗan ƙari. In shekara ta zagayo, a raba. Daga 2017 aka haɗa wannan dubara da kuɗin wata. An koya wa wasu mata ciniki da lissafi, aka ba su jarin jika 80 lokaci ɗaya. Wasu suka shiga kiwon tumaki, wasu matsar man gyaɗa, wasu ƙaramin kasuwanci. Da aka bi sawunsu bayan shekara ɗaya da rabi, an tarar cinikinsu ya ƙaru, abincin gidajensu ma ya ƙaru.

Abin da ya rage ga jama'a

Kuɗin irin waɗannan shiri ba su isa kowa da kowa. Saboda haka wajibi ne a faɗi gaskiya ranar rubuta sunaye. Mai rumbu cike in ya ɓoye dukiyarsa ya shiga, abincin maraya ya ci. Bai kamata kowa ya ba da ko dala ɗaya don a rubuta sunansa ba. Mai gari da dattawa su tabbata an je gidan makaho da na tsohuwar da ba ta iya zuwa dandali.

A nan ma karatu yana da amfani. Wanda ya iya karatu yana duba sunansa da kansa, yana ƙirga kwanakin aikinsa, yana gane adadin da aka rubuta kafin ya dangwala yatsa. Ƙungiyar da ke da mace mai iya rubutu, ita ke riƙe littafin asusunta, ba sai an nemo wani daga waje ba. Ɗaliban yaƙi da jahilci su ne suka fi cancanta su tsaya wurin biya, su karanta wa maƙwabtansu takarda da babbar murya.